Babi na Bakwai: Gudu, Ƙarko da Shan Mai

"Wai ƙaramar motar nan mai zafin gudu, tana da ƙarko kuwa? Kuma yaya shan manta?" Tambaya ce da ake ji kullum a filin dillalan mota, galibi a tsaye gaban wata Golf mai jan zare a hanci da haruffa uku, GTI. Da can abin da ake fara tambaya shi ne ƙarshen malejinta. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin fetur a Najeriya, zancen mai ya dawo gaba. Akwai kuma tambaya ta uku, wadda matasa ke yi da murya ƙasa-ƙasa: an ce ana taɓa mata ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfi, gaskiya ne?

Dillali zai ce, "Alhaji, ai wannan ta haɗa komai. Ga gudu, ga ba ta shan mai, ga ba ta san hanyar gareji ba." Ba ƙarya ya yi ɗungurungum ba. Motar tana iya kowanne daga cikin ukun. Abin da ya ɓoye shi ne ba ta yin su a lokaci guda, kuma duk abin da aka ƙara wa ɗaya, daga sauran biyun aka yago shi.

Asalin dangin

Motocin da muke magana a kansu ƙananan motocin iyali ne, masu ƙofar baya da ke ɗagawa sama tare da gilashinta, waɗanda kamfani ya ɗauka ya sa musu inji mai ƙarfi, ya ƙara musu birki, ya taurara musu ƙafa. Turai ce mahaifarsu. A 1976 Volkswagen ta fara sayar da Golf GTI ta farko a Jamus: inji lita 1.6, ƙarfin doki 110, nauyi wajen kilo 810. Guda 5,000 aka yi niyyar ƙerawa, sai ga shi an sayar da fiye da 400,000. Faransa ta mayar da martani a 1984 da Peugeot 205 GTI, Japan ta fito da Honda Civic Type R a 1997, Ford da Renault da Suzuki da Hyundai su ma kowa ya kawo tasa.

Mu a nan mun san dangin ta wata fuska. Golf 3 da ke jigilar fasinja da buhuna tsakanin garuruwan Arewa 'yar ɗaki ɗaya ce da GTI ta zamaninta. Ita wannan GTI ɗin ta uku injinta lita 2 ne, ƙarfin doki 115. A riƙe wannan adadi. GTI ta biyar, ta 2004, lita 2 ce ita ma, amma doki 200. Ta bakwai, ta 2013, lita 2, doki 220. Yayarta Golf R, lita 2 ɗin dai, doki 300. Girman ciki bai canza ba, ƙarfi ya ninka kusan sau uku. Daga ina ƙarin ya fito?

Zugazugi a cikin inji

Inji ba fetur kaɗai yake ƙonawa ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Zuba mai abu ne mai sauƙi. Samun iskar da za ta ƙone shi ne aikin. Injin Golf 3 da kansa yake zuƙar iska, iya abin da cikinsa ya ɗauka ke nan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga maganin wannan. Gawayi na nan yana ci a hankali, da yaron maƙeri ya kama zugazugi sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Gawayin bai ƙaru ba, iska aka tura masa, kuma saboda haka yake saurin cinyewa. Turbo zugazugin inji ne. Hayaƙin da ke fita ta salansa yana juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura iska cikin silinda. Farfelar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900. Iska ta ƙaru, ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Honda ta daɗe tana bin wata hanya dabam. Maimakon ta ɗura iska, sai ta sa injin ya riƙa juyawa da sauri ƙwarai. Civic Type R ta 1997 tana fitar da doki 185 daga lita 1.6, amma sai allurar juyin inji ta haura 8,000 ake samunsu. A ƙaramin juyi kuwa mota ce salaha kamar kowace Civic. Ita ma Honda a 2015 ta miƙa wuya ta sa turbo, domin dokokin hayaƙi na Turai sun matse waccan hanya.

Lissafin takarda da na kan hanya

Da aka fito da GTI ta bakwai, takardar kamfani ta ce lita 6 take sha a kilomita 100. Ba ƙage ba ne, amma a ɗakin gwaji aka samo adadin, a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, ba iska, ba tudu, ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma ana taka totur a hankali kamar mai tsoron tada jariri daga barci. A irin wannan tuƙi turbo kusan barci yake yi. Tazarar da ke tsakanin takarda da hanya ta yi yawa har Tarayyar Turai ta sauya tsarin gwajin daga Satumbar 2017 zuwa wani da ya fi kusa da tuƙin gaske.

Ga yadda abin yake. In kana tafiya a giyar ƙarshe, allurar gudu a kan 90 ko 100, ƙafarka ba ta motsi, to ƙaramin inji kake ciyarwa, kuma zai ba ka mamaki. Da ka danna totur ƙasa, turbo ya farka, to injin doki 220 kake ciyarwa, shi kuwa doki 220 ba ruwansa da girman injin da ya fito daga ciki. Akwai ma ƙari. Idan wuta ta yi tsanani a cikin silinda, ƙwaƙwalwar motoci da yawa takan zuba man da ya wuce abin da iska za ta iya ƙonewa, da gangan, don kawai ya sanyaya fistan da turbo. Wannan man bai tura mota ko taku ɗaya ba. Ta salansa yake ficewa.

Sai kuma iskar da mota ke ratsawa. Turjiyarta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Daga 100 zuwa 140, turjiyar ta kusa ninki biyu. Tsakanin Kano da Kaduna, wajen kilomita 230, wanda ya riƙe 140 zai riga mai 100 da kusan minti 40 a lissafin alƙalami, in babu rami, babu shingen bincike, babu tirela a gaba. A zahiri abin da zai riga shi da shi bai kai haka ba, amma man da ya ƙona ya riga ya ƙone. Kuma 100 ce iyakar da dokar hanya ta yanka wa ƙananan motoci a babban titi.

Nauyi ma yana da bakin magana, musamman a cikin gari inda ake tashi ana tsayawa. GTI ta farko kilo 810 ce, ta yau ta haura 1,400. Shi ya sa Suzuki Swift Sport ta 2018, mai doki 140 kacal amma nauyinta bai kai tan ɗaya ba, take da daɗin tuƙi kuma ba ta cin aljihu. Ford ta bi wata dabara a Fiesta ST ta shekarar: silinda uku, doki 200, kuma in ana tafiya a hankali ɗaya daga cikin ukun yana ɗauke aiki.

Kada ka yarda da adadin da allon gaban direba ke nunawa, balle na dillali. Cika tanki har famfo ya ɗauke, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi harkokinka, ka dawo famfon ka sake cikawa. In ka yi kilomita 400 ta ɗauki lita 36, to lita 9 ke nan a kilomita 100, wato wajen kilomita 11 a lita. Maimaita sau biyu ko uku, ka san motarka fiye da wanda ya sayar maka.

Inda suke ciwo

Kowane zubi yana da lagonsa, kuma masu motocin a Turai da Amurka sun daɗe da gano su. Wannan alheri ne gare mu, tunda motocin sai sun tsufa suke isowa ta Kwatano ko Legas.

A GTI ta biyar akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da bai wuce murfin kwalba ba, wanda ke zaune tsakanin famfon mai na kan inji da sandar da ke tura shi. Yana cinyewa a hankali. In aka canza shi da wuri, kuɗin kaɗan ne. In aka bar shi ya huje, sai ya ci sandar, ya ci famfon, ɓarɓashin ƙarfe ya bi baƙin mai. A ta shida, ta 2009, matsalar tana wurin abin da ke ɗaure sarƙar tamin. Na farko-farkon yakan saki, sarƙa ta tsallake haƙori, bawul ya yi karo da fistan. Alamarsa ƙarar kacau-kacau na ɗan lokaci in an tada mota da safe. Mini Cooper S ta 2006 da Peugeot 207 mai zafi, waɗanda injinsu ɗaya ne, su ma sun yi suna da wannan ƙara. GTI ta bakwai kuwa ta fi su lafiya, sai dai gidan famfon ruwanta na roba yakan yi yoyo.

Akwai ciwon da ya game yawancinsu. A tsohon inji, ana fesa mai a bayan bawul, yana wucewa yana wanke shi. A sababbin nan kai-tsaye ake fesa shi cikin silinda, don haka tururin baƙin mai yana daskarewa a wuyan bawul, ba mai wanke shi. Bayan shekaru mota ta fara kakkarwa da safe, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. 'Yar kwalbar maganin wanke nozul da ake zubawa a tanki ba ta kai wurin, tunda fetur ɗin kansa ba ya bi ta nan. Sai an kwance an kankare.

Giya mai sarrafa kanta ta Volkswagen, wadda ake kira DSG, a ciki kulocin gaske ne guda biyu da kwamfuta ke taka wa direba. Mai giya shida da ke cikin GTI tana son a canza mata mai da tacewa duk kilomita 60,000, kuma da nata man na musamman. Wanda ya zuba mata jan man giya na gama-gari ya sayi rigima.

In ka duba jerin nan za ka ga ba fistan ko gangar inji ne ke fara gazawa ba. Ƙananan abubuwa ne na gefe, kuma kusan duka suna yin gargaɗi kafin su yi ɓarna. Abin da ke kashe motocin a hannunmu shi ne a yi musu renon Golf 3. Waccan za ta haƙura da kowane baƙin mai, da ruwan rijiya a lagireto, da juyen da aka jinkirta. Wannan kuwa baƙin mai ne ke sanyaya sandar turbo, ta wata siririyar hanya. Kamfani ya rubuta mata mai marar kauri, 5W-30 ko 5W-40 mai lambar amincewarsa. Bakanike ya ce, "Maigida, ƙasarmu da zafi, mai kauri za a sa," ya juye mata 20W-50. Da safe man ya yi jinkirin isa turbo, farfela tana juyawa a bushe. Haka cire tamostat da aka mayar al'ada: injin ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara mai. An biya kuɗin aiki an sayo ƙarin shan mai. Tazarar juye ta kilomita 30,000 da ake yi a Turai ma ba ta ƙurarmu da cunkosonmu ba ce. Wanda ya tsaya tsakanin 7,000 da 10,000 bai yi asara ba.

Taɓa ƙwaƙwalwa

Yanzu ga tambayar matasa. E, gaskiya ne. Mai gyara zai jona kwamfutarsa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ya sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota: turbo ya ƙara ɗura iska, nozul ya ƙara mai, fulogi ya kunna wuta da ɗan wuri. Cikin awa guda, ba a kwance ko noti ɗaya ba, GTI ta biyar za ta tashi daga doki 200 zuwa wajen 240. Ta bakwai tana iya kusantar 300. A injin da ba shi da turbo kuwa, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba, domin babu zugazugin da za a ce ya ƙara himma.

To in dokin nan suna ciki tun farko, me ya sa kamfani ya ɗaure su? Wani ɓangare kasuwanci ne, don kada ƙanwa ta kamo yayarta mai tsada. Amma babban dalili shi ne injiniyoyin ba su san hannun da motar za ta faɗa ba. Inji ɗaya za a sayar a Norway mai ƙanƙara da Dubai mai ƙuna, ga mai juye a kan lokaci da mai mantawa, ga mai samun fetur mai kyau da mai saye a galan. Saboda haka suka bar rara: tazara tsakanin abin da ƙarfe zai iya ɗauka da abin da ake ɗora masa kullum. Wannan rarar ce mai gyara yake sayar maka. Bai ƙirƙiri komai ba.

Hujjar tana wurin Volkswagen kanta. Da ta so doki 300 daga lita 2 ɗin nan don Golf R, ba lissafi kaɗai ta sauya ba. Ta sa babban turbo, ta canza fistan, ta canza bawul da kan silinda. Kamfanin da ya fi kowa sanin injin ƙarfe ya canza. Kuma kamfanonin suna gane motar da aka taɓa, su janye lamunin gyara a kan injinta.

Abin da ke fara kuka bayan an taɓa ƙwaƙwalwa yawanci kuloci ne, domin an auna shi ne daidai da ƙarfin asali. Sai fulogi da kwayil. Sai ɗan ƙoƙon nan na GTI ta biyar, wanda yanzu zai cinye da sauri. Masu gyara kan ce mota za ta rage shan mai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: in ƙarfi ya ƙaru a ƙasa-ƙasa, ana iya zama a babbar giya. Sai dai ban ga wanda ya biya kuɗin doki 50 don ya riƙa tafiya kamar mai rakiyar amarya ba.

Wasu gyare-gyaren ko wannan ribar ba su da ita. Buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari tana ba da ƙara mai daɗi, amma iskar cikin bonet mai zafi take zuƙa, kuma a watannin hunturu ƙurar da ta asali za ta tare ita wucewa take bari ta yi. Saitin da ke sa salansa ta riƙa harbi kamar bindiga in an ɗaga ƙafa, ɗanyen mai ne ake turawa ya fashe a bayan inji, yana gasa turbo, yana kashe matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Ƙara kawai aka saya, da haushin maƙwabta.

Manmu da zafinmu

Buɗe murfin tankin GTI 'yar Turai, za ka ga an rubuta 95 ko 98. Wannan lamba tana nuna yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa kafin lokaci ba. Wadda ta zo daga Amurka za ka ga 91, amma ma'auninsu dabam ne, 91 ɗinsu daidai take da wajen 95 ta Turai. Fetur ɗin gidajen manmu iri ɗaya ne tal, kuma a ma'aunin Turai 91 ne ko kusa da haka. Wannan ma in an samu mai tsabta ke nan. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam ya lalata motocin jama'a, balle abin da ke cikin jarkokin 'yan bumburutu.

In fetur ya kama kafin lokaci, fashewa yake yi maimakon ƙonewa, ya doki kan fistan. Akwai wani ɗan kunne a jikin inji da ke sauraron wannan duka. Da ya ji, ƙwaƙwalwa sai ta jinkirta wuta ta rage iska. Mota ta tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Wato GTI da ba a taɓa ba ma, a kan manmu, ta riga ta fara cin rararta. Ƙara mata zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40, iskar da ke shiga ta riga ta yi zafi kafin turbo ya matse ta. In hanya ta hau da ita Jos, mita 1,200 sama da teku, iska ta yi sirara, turbo sai ya ƙara juyi kafin ya cike giɓin.

Yanzu ka ɗauko lissafin da wani ya rubuta a Ingila ko Jamus, don fetur mai lamba 98 da sanyin ƙasarsu, ka ɗura wa wannan mota. Rarar da za ta kare ta ita ce aka sayar. Wani lokacin ma motar da taɓaɓɓiyar ƙwaƙwalwa take isowa, mai ita na farko ya more ta, ya sayar, ba wanda ya faɗa wa na biyu. Shi ya sa kafin a biya kuɗin irin wannan mota ya kamata a kai ta wurin mai kwamfutar da ya san Volkswagen ko Ford ɗin da gaske, ya duba yawan iskar da turbo ke turawa da yadda wuta ke ja da baya in an taka. In an taɓa ta, a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta.

Da za a tambaye ni, ga mai zama a Kano ko Zinder, zan fifita wadda ba ta da turbo, ko mai turbo da ba a taɓa ba kuma kayanta suna samuwa a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Swift Sport ta farko ko tsohuwar Civic mai zafi ba za su ci tseren fitilar hanya ba, amma fetur mai lamba 91 da ranar Afrilu ba za su firgita su kamar yadda za su firgita taɓaɓɓen inji ba. Wanda kuma kuɗin gyara ke masa ƙaiƙayi a aljihu, akwai inda zai zuba su motar ta ƙara sauri a hanya ta gaske ba tare da an taɓa inji ba. Doki 200 ko 300, duk ta faɗin tafin hannu huɗu na roba suke isa kwalta, kuma motar da aka auna tsayinta don titunan Jamus ba ta san tudun rage gudu na unguwanninmu ba. Taya, birki da shokazoba su ne zancen babi na gaba.